Tarihin Matatar Wiski ta Laphroaig da Makomar Harshen da ya Raɗa Mata Suna

1.0 Gabatarwa

A gaɓar kudu ta tsibirin Islay, wanda ake furta sunansa Aila, a yammacin ƙasar Sikotilan, akwai wasu fararen gine-gine a bakin teku waɗanda aka rubuta LAPHROAIG da manyan baƙaƙen haruffa a bangonsu. A nan ake tace wata barasa, nau'in wiski, wadda ta yi suna saboda ƙaurin hayaƙin da ke tashi daga cikinta. Masu sha kan kwatanta warin da na kwalta, ko aidin, ko ɗakin magani na asibiti, kuma sun rabu biyu a kanta, da masu matuƙar so da masu matuƙar ƙi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin masana'antar daga shekarar 1815, domin a ga yadda talaucin makamashi ya koma hajar tsada, da kuma yadda sunan wani ɗan kwari ya zaga duniya a daidai lokacin da harshen da ya raɗa shi yake ja da baya a gida.

2.0 Kalma da Suna

Kalmar wiski, wadda Hausa ta ara daga Ingilishi, a can ma ararriya ce. Asalinta uisge beatha ne na harshen Galik, watau "ruwan rai", wanda shi kuma fassara ce kalma da kalma ta aqua vitae ta Latin. Bakin Ingilishi ya yar da rabi na biyu, ya lanƙwasa na farko, saboda haka abin da ya rage a yau ma'anarsa "ruwa" kawai. Ilmin tatar ma ya bi ta hannun Larabawa kafin ya isa Turai, kuma sawunsa na nan a kalmomi, domin sunan da Turawa ke kiran sinadarin maye da shi daga al-kuhl ya fito, watau kwalli. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci wannan sana'a a Sikotilan shi ne na littafin baitulmalin sarki na 1494, inda aka ba wani ɗan zuhudu mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya yi aqua vitae.

Shi kuwa sunan Laphroaig, da ake furtawa Lafuroig, ya fi haka sarƙaƙiya. Masu talla sun fi son fassara shi da "kyakkyawan kwari a gefen faffaɗan mashigin teku". Kalmar "kyakkyawa" ƙarin gishiri ce. Abin da manazarta sunayen wurare suka fi karkata a kai shi ne, gaɓar farko lag ce ta Galik, mai ma'anar kwari ko rami, sauran kuwa daga tsohon harshen mutanen Nowe ne, breið vík, faffaɗan mashigi. Ke nan sunan yana ɗauke da harsuna biyu, alamar ƙarnonin da mayaƙan ruwa na arewa suka yi suna zaune a tsibiran kafin Galik ta sake rinjaye, sa'an nan rubutun Ingilishi ya zo ya lulluɓe su duka. Maƙwabtan masana'antar ma haka suke: Lagavulin ita ce Lag a' Mhuilinn, kwarin maniƙa, Ardbeg kuma An Àird Bheag, ƙaramin tsibi mai shiga teku.

3.0 Inda Hayaƙin ya Fito

Islay tsibiri ne mai tsawon kusan kilomita 40, mai yawan ruwan sama da iska, mai ƙarancin itatuwa, kuma ba a haƙar kwal a cikinsa. Abin da yake da shi a yalwace shi ne fadamu masu wata baƙar ƙasa da mutanen wurin ke kira mòine, wadda za a kira ta taɓon wuta a wannan maƙala. Gansakuka ne da ciyayi suka daɗe suna mutuwa suna taruwa a cikin ruwa ba tare da sun gama ruɓewa ba, kaurinsu na ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Akan yanke shi da wata irin doguwar cebur, a jera shi kamar tubali ya sha iska, in ya bushe a hura wuta da shi. Da shi ake girki, da shi ake jin ɗumi. Matsayinsa a wurin talakan Islay daidai yake da na kara da busasshen kashin shanu a ƙauyen da ice ya ƙare.

Kafin a yi wiski sai an jiƙa sha'ir na kwana biyu, a shanya shi a daɓe ana jujjuyawa har kusan mako guda, ya fara tsiro, kamar yadda ake tsirar da dawa a wasu sassan Nijeriya. Tsiron ne ke ba da damar sitacin ƙwayar ya koma sukari. Daga nan dole a busar da shi don tsiron ya tsaya, kuma a nan ne hayaƙi yake shiga. Manomin Islay bai zaɓi taɓon wuta don ɗanɗano ba, shi kaɗai ke gare shi. Hayaƙin yana ɗauke da sinadaran da ake kira finol, suna manne wa ɓawon ƙwayar tun tana da danshi, kuma ba sa rabuwa da ita har ƙarshe. Ana auna su da kashi cikin miliyan. Tsiron da ake amfani da shi a Laphroaig yakan kai kashi 40 zuwa sama, alhali yawancin wiskin babban yankin Sikotilan ba ya wuce 'yan kaɗan, domin da jirgin ƙasa ya kai musu kwal a ƙarni na 19 sai suka watsar da taɓon. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Islay ba.

Sauran aikin a taƙaice: a niƙa tsiron, a jiƙa shi da ruwan zafi, a tsiyaye ruwan zaƙin, a sa masa yis ya tsimu kwana biyu da 'yan sa'o'i, sa'an nan a tafasa shi sau biyu a manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya ana kama tururin. Abin da ya fito fari ne tas kamar ruwa. Launi da laushi daga gangar ice yake samun su, inda yake kwana shekaru, kimanin kashi 2 cikin 100 na tsiyayewa cikin iska kowace shekara. In duka abin da ke cikin kwalba daga tsiron sha'ir zalla ne, kuma daga masana'anta guda, shi ne ake kira wiskin gida ɗaya, saɓanin gaurayayye.

4.0 Haraji, Ƙasa da Gidan Johnston

Akwai abin mamaki a yadda haraji ya ɗaura tsibirin da wannan sana'a. A 1725 gwamnatin Landan ta ɗora harajin tsiro a Sikotilan. Mutanen Gilasgo suka yi bore, suka wargaza gidan wakilinsu a majalisa, Daniel Campbell na Shawfield, saboda zargin ya goyi bayan harajin. Aka biya shi diyya, kuma kuɗin na daga cikin abin da ya sayi Islay da shi a 1726. Zuriyarsa ta riƙe tsibirin fiye da shekara 120. A mafi yawan ƙarni na 18 jami'an harajin giya ba su zaune a tsibirin, saboda haka tata ta zama aikin gefe na kusan kowane manomi. Ga wanda ke zaman haya a gonar wani, lissafin mai sauƙi ne: sha'ir na ruɓewa a damshi, ɗaukarsa zuwa kasuwa a kwalekwale wahala ce, amma in ya koma barasa yakan ƙanƙance, ba ya lalacewa, kuma yana biyan kuɗin haya. Dokar 1823 ce ta sauya al'amarin, da ta rage haraji ta kuma sa lasisi a kan fam 10, ta yadda fitowa fili ya fi ɓuya riba.

A cikin wannan yanayi ne wasu 'yan'uwa biyu, Donald da Alexander Johnston, suka karɓi hayar gona a Laphroaig don kiwon shanu. Kamfanin yana ƙirga shekarunsa daga 1815. Labarin gidan ya nuna cewa asalin sunansu Mac Iain ne, watau ɗan Yahaya, suka mayar da shi Johnston don ya dace da kunnen hukuma. A 1836 Donald ya sayi kason ɗan'uwansa a kan fam 350, shi kuma Alexander ya yi ƙaura zuwa Ostireliya. A 1847 Donald ya faɗa cikin ƙatuwar randar tafasasshen ruwan da ke ragewa bayan tata, ya rasu bayan kwana biyu, ya bar ɗa mai shekara 11, Dugald. Walter Graham na Lagavulin, maƙwabcinsu, shi ya riƙe aikin har Dugald ya karɓa a 1857. Daga nan ne aka ƙulla alaƙar da ta zama alaƙaƙai, domin masu Lagavulin sun ci gaba da zama dillalan Laphroaig har rabin ƙarni.

Ya kamata a dubi abin da ke faruwa a wajen katangar masana'antar a waɗannan shekaru. A ƙidayar 1831 mutanen Islay sun kusa 15,000. Cutar dankali ta shekarun 1840 ta jefa tsibiran cikin yunwa, bashi ya karya Walter Frederick Campbell, wanda ya kafa garin Port Ellen a 1821, aka sayar da tsibirin a 1853. Sababbin masu ƙasa sun ga tumaki sun fi mutane riba. A farkon shekarun 1860 ɗaruruwan mutanen yankin Oa, wanda ke yamma kaɗan da Laphroaig, suka tashi zuwa Kanada. Ɗan Campbell ɗin da ya karye, John Francis Campbell, wanda ya tashi yana jin Galik, shi ne ya bi ƙauyuka yana tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi da taimakon wani malamin makaranta ɗan Islay, Hector Maclean, ya buga su cikin juzu'i huɗu tsakanin 1860 da 1862, Galik a gefen fassararta. Manazarcin Hausa zai tuna da aikin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913. Bambancin shi ne, Campbell yana rubutawa ne masu ba da labarin na shiga jirgi. Sai kuma dokar ilmi ta 1872 ta tilasta makaranta a kan kowane yaro ba tare da ta tanadar wa Galik ko da darasi ɗaya ba.

5.0 Rigimar Ruwa

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kasuwar wiski ta koma hannun masu gaurayawa. Tukunyar da Aeneas Coffey ya ƙera a 1830 tana fitar da barasa mai arha marar ƙarfin ɗanɗano, 'yan kasuwa kuma suka gano cewa in an zuba mata ɗan wiskin tsiro mai kauri sai ta yi armashi. Wiskin Islay ya zama kamar daddawa a miya, kaɗan ya isa, amma ba a yi sai da shi. Mafi yawan abin da Laphroaig ke tacewa yana tafiya ne ga kamfanin Mackie, masu Lagavulin, kuma masu gaurayayyen wiskin nan White Horse. Iyalin Johnston suna ganin ana kwashe musu kaya a farashin da ba su gamsu da shi ba, sunansu kuma ba ya fitowa a kwalba.

Da Alexander Johnston, wanda ya gaji Dugald a 1877, ya rasu a 1907, magadansa suka ƙi sabunta yarjejeniyar dillanci. Peter Mackie, mutum ne mai zafin nema da zafin rai, ya sa aka toshe rafin Kilbride da duwatsu, watau rafin da Laphroaig ke sha. Masana'antar wiski in babu ruwa ta mutu, domin da shi ake jiƙo, da shi ake sanyaya tururi. Aka je kotu, kotu ta umarce shi ya buɗe. Ba wannan ne karon farko da aka yi shari'a a kan wannan ruwa ba, don tun a shekarun 1830 wata masana'anta mai suna Ardenistiel ta tsiro a gefensu tana ɗiba daga rafin, har daga baya ta durƙushe aka haɗe filinta da na Laphroaig.

Abin da Mackie ya yi bayan ya sha kaye shi ne ya fi jan hankali. A 1908 ya gina wata ƙaramar masana'anta a harabar Lagavulin, ya kira ta Malt Mill, ya sa aka ƙera tukwane kwatankwacin na Laphroaig, ya janye wani babban ma'aikacinsu, da nufin ya yi irin wiskinsu sak ya kashe musu kasuwa. Tazarar wuraren biyu ba ta kai kilomita biyu ba. Duk da haka abin da ya fito wani abu ne dabam. Ruwan ba ɗaya ba ne, fadamar da ake yanko taɓon ba ɗaya ba ce, haka nan ɗabi'ar hannun da ke hura wuta da lokacin da ake yanke tururi. Malt Mill ta yi aiki har 1962 tana ciyar da masu gaurayawa, sa'an nan aka rufe ta. A 2012 Ken Loach ya gina fim ɗinsa The Angels' Share a kan gangarta guda da aka ƙaga cewa ta tsira. Masu Laphroaig suna son wannan labari, kuma da dalili, domin shi ne hujjarsu mafi ƙarfi cewa abin da suke sayarwa ba ya ƙaura. Sai dai a yi hattara da shi. A yau ɗan ƙaramin kaso ne na tsiron ake yi a daɓen Laphroaig da taɓon fadamar Glenmachrie, mafi yawa sayowa ake yi daga manyan masana'antun tsiro, kuma ɗanɗanon bai ɓace ba. Watakila abin da ya gagari Mackie ya fi kusa da sanin aiki fiye da sirrin ƙasa.

6.0 Ian Hunter da Bessie Williamson

Ian Hunter, ɗan 'yar gidan Johnston, ya iso tsibirin a 1908 ana tsakiyar rigimar, ya karɓi ragama a 1921. A zamaninsa ne iyalin suka sayi filin da suka shekara ɗari suna haya a kai, ya ninka yawan tukwane a 1923, ya kuma dinga yawo ƙasashen waje yana sayar da wiskin da sunan gidansa, a lokacin da kusan kowa gaurayayye yake sha. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, amma dokar ta bar ƙofa ga barasar magani da likita ya rubuta. A gidan ana ba da labarin cewa warin aidin ne ya shawo kan jami'an kwastan suka bar Laphroaig ta shiga a matsayin magani. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne komawar da Hunter ya yi ga gangunan da aka riga aka ajiye wiskin burbon na Amurka a ciki. Dokar Amurka ta wajabta sabuwar ganga ga kowane zubi na burbon, saboda haka tsofaffin suna da arha, kuma su ne ke ba da ɗan zaƙin da ke bayan hayaƙin.

Hunter bai haihu ba. A 1934 wata budurwa 'yar Gilasgo, Bessie Williamson, wadda ta sami digiri a Jami'ar Gilasgo a 1932, ta zo aikin wucin gadi na buga tafireta, da niyyar yin 'yan watanni. Da ciwon shanyewar jiki ya kama Hunter a 1938 sai harkokin suka dawo hannunta, ita ta riƙe wurin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka dakatar da tata soja suka mayar da rumbunan ma'ajiyar harsasai. Ya rasu a 1954 ya bar mata masana'antar gaba ɗaya. Tana cikin 'yan ƙalilan matan da suka mallaki matatar wiski suka kuma gudanar da ita a Sikotilan. A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu wiskin ƙasar ta tura ta Amurka tana yi wa 'yan kasuwa bayanin wiskin gida ɗaya. Ita ce kuma ta fahimci cewa ƙaramin gida ba zai iya ɗaukar kuɗin faɗaɗawa ba, ta sayar da hannun jarin kashi-kashi ga kamfanin Seager Evans a cikin shekarun 1960, ta ci gaba da shugabanci har ta yi ritaya a 1972. Ta rasu a 1982.

Tun daga nan mallakar ta bar tsibirin. Ta bi ta hannun Whitbread, da Allied, da kamfanin Fortune Brands na Amurka a 2005, har Suntory na Japan ya saye kamfanin Beam a 2014, Laphroaig na ciki. Shekarun 1980 sun yi wa maƙwabta tsanani, Ardbeg ta tsaya a 1981, Port Ellen ta rufe a 1983 ba ta sake tata ba sai 2024. Ko taɓon wutar ma ya jawo rikici a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da masu kare muhalli suka hana yankan fadamar Duich saboda wasu tsuntsayen ruwa da ke zuwa daga Girinlan su yi hunturu a wurin, mutanen tsibirin kuma suka fusata don suna ganin abincinsu ake taɓawa.

7.0 Galik a Kan Kwalba

Daga shekarun 1990 kasuwa ta juya, ƙaurin da a da ake ɓoyewa cikin gauraye ya zama abin nema. A 1994 Yarima Charles, wanda ya zama sarki a 2022, ya ba Laphroaig hatimin amincewarsa. A wannan shekara kuma kamfanin ya ƙirƙiro ƙungiyar abokansa, inda duk wanda ya sayi kwalba ya yi rajista ake ba shi ƙafa ɗaya murabba'i ta fili kusa da rafin Kilbride, a matsayin haya ta tsawon rai, in ya kawo ziyara a biya shi kuɗin hayar da kurɓi guda. Dabarar talla ce mai kyau. Amma a tsibirin da aka tashi kakannin mutane daga gonaki don ba su da ko taƙi ɗaya nasu, wasan yana da ɗaci ga wanda ya san tarihi.

A ƙidayar 2011 mutanen Islay 3,228 ne, watau ƙasa da rubu'in na 1831, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ne ke jin Galik, a wurin da a ƙarshen ƙarni na 19 mafi yawan jama'a da ita suke magana. A duk Sikotilan masu magana da ita a wannan ƙidaya ba su wuce 58,000 ba. An yi ƙoƙarin ceto: an buɗe cibiyar koyar da Galik a Bowmore a 2002, majalisar Sikotilan ta yi wa harshen doka a 2005. Bikin Fèis Ìle, wanda aka fara a shekarun 1980 don raya waƙa da al'adun tsibirin, yanzu an fi saninsa a duniya da makon da masana'antun wiski ke buɗe ƙofa, baƙi na kwana a layi don sayen kwalaben da aka keɓe wa bikin. Wadda Laphroaig ke fitarwa kowace shekara sunanta Càirdeas. Ana fassara wa masu saye kalmar da "abota", don ta dace da sunan ƙungiyar abokan kamfanin, ko da yake a Galik tana ɗauke har da ma'anar dangantakar jini, abin da Bahaushe zai kira zumunci.